Kyan Tafiya Dawowa

Garin Illela yana bakin iyakar Nijeriya da Jamhuriyar Nijar, arewa da birnin Sakkwato da mil 50 da 'yan kai. Wanda ya taso daga Sakkwato ta Kware da Gwadabawa ya ke bi kafin ya iso, in kuwa ya wuce shingen kwastan, 'yar tafiya kaɗan zai yi sai ga shi a Birnin Ƙonni. Daga ƙasar Ƙonni hanya ta rabu uku. Ta yamma ta bi Dogon Dutsi da Doso ta shiga Yamai, ta arewa ta nufi Tawa da Agadas, ta gabas kuwa ta ratsa Madawa da Maraɗi har Damagaram. Saboda haka mutanen Illela sun saba da matafiya. Kowace Lahadi kasuwarsu takan cika da masu shanu da raƙuma da hatsi daga ƙasashen biyu, ran Laraba kuma su ne baƙi a kasuwar Ƙonni.

In mutum ya komo irin wannan gari daga doguwar tafiya bisa keke, tambayoyin da a ke yi masa ba su wuce uku ko huɗu ba: ƙasa nawa ya ratsa, taya nawa ya canja, ina ya riƙa kwana, bai gamu da miyagu ba? Ba safai a ke samun mai tambayarsa yadda ya ke ji da zaman gida ba, gama kowa ya ɗauka wanda ya iso gida wahalarsa ta ƙare. Alhali kuwa sau da yawa watannin farko na komowa sun fi hawan tudu da iskar hunturu wuya. To, abin bincike a nan shi ne, me ya sa gida ya ke yi wa mai shi nauyi bayan ya yi nisa, me gidan ya ke binsa, me kuma shi ya ke bin gidan?

Masu ƙafa da masu keke

Doguwar tafiya ba sabon abu ba ce a ƙasar Hausa. Tun kafin zuwan Turawa fatake sukan bi madugu zuwa Gwanja sayen goro, su yi watanni ba a gan su ba. Alhazan dā kuwa da ƙafa su ke tafiya Makka ta Barno da Wadai da Darfur, suna tsayawa suna noma a hanya don su sami guzuri, wani sai ya shekara bakwai bai komo ba. Da yawa ma ba su komo ba sam. Garin Mai Wurno da ke ƙasar Sudan jama'ar da suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903 ne suka kafa shi, jikokinsu na can har yanzu suna jin Hausa da Fillanci.

Da keke ya shigo ƙasar nan, irin su Raleigh na Ingila, sai ya zama dokin talaka, ba ya cin harawa, ba ya shan mai, abin da ya ke bukata daga famfo sai faci. Har a wannan zamani na jirgin sama akwai masu sa shi a doguwar hanya. A watan Disamba na 2022 wani saurayi, Aliyu Abdullahi Bala, wanda ya taso daga Jos bisa keke, ya isa ƙasar Saudiyya, jami'an Nijeriya na can suka tarye shi. A 2023 kuma wani ɗan ƙasar Gini, Mamadou Safayou Barry, mai shekara 25, ya hau keke don neman ilmi a Jami'ar Azhar ta Masar. Ya yi wata huɗu yana tafiya, ya ratsa Mali da Burkina Faso da Togo da Binin da Nijar har Cadi, aka tsare shi sau uku a hanya. A Cadi ne waɗansu masu kirki suka tara kuɗi suka saya masa tikitin jirgi, ya sauka Alƙahira a watan Satumba. Jaridu da gidajen rediyo sun yi ta ba da labarin isar samarin nan. Amma labarin matafiyi bayan ya jingine kekensa a zauren gidansu, wannan ba a cika bugawa ba, ko da ya ke a nan ne a ke gane abin da tafiyar ta haifa.

Kwana uku na baƙunci

A ɗauki misali. A ce ga wani magidanci a Illela, yana da mata da 'ya'ya uku da tsohuwarsa, yana da gona da 'yar rumfa a kasuwa. A farkon 2023 ya ɗaure jaka a bayan keke, ya bi sawun fatake ta Yamai har Salaga da Kumasi, ya gangara bakin teku, bai komo ba sai bayan Ƙaramar Salla ta 2024.

Ranar da ya iso gida ya cika. Mata suna guɗa, yara suna rige-rigen taɓa ƙararrawar keke, dattawa suna shigowa suna cewa, "Sannu da hanya, barka da arziki." Aka yanka zabi, aka raba tsaraba. Kashegari ma haka, jibi ma haka. Ran kwana na huɗu sai ya fito zaure ya tarar ba kowa sai tabarma, kowa ya tafi sha'aninsa.

Daga nan abin ya ke somawa. Da fari jiki ne ya ke gardama. Mutumin da ya saba tuƙa mil 50 ko 60 a yini, da asuba ƙafafunsa neman feda su ke yi. Cikinsa bai san an tsaya ba, yana neman abincin mutum biyu alhali ba ya aikin mutum ɗaya. Ɗaki ya yi masa zafi da ƙunci, domin ya saba kwana a fili. Sa'an nan zuciya ta biyo baya. A hanya kowace safiya sabon gari ya ke gani, yanzu kuwa katanga ɗaya ce kullum. A hanya shi abin kallo ne, sarkin zango yana sa a kai masa tuwo, limami yana sa masa albarka. A Illela kuwa shi wane ne ɗan wane, wanda mai taki ya ke bi bashi. In ya ce, "Sa'ad da na ke Kumasi," sai ya ga idon mutane ya koma wani wuri, gama sun ji labarin tun makon jiya.

Abin da ya fi ci masa rai shi ne gida ya koyi tafiya ba tare da shi ba. Mabuɗin rumbu yana hannun ƙanensa. Matarsa ta fi shi sanin kuɗin mudu. Ƙaramin ɗansa da ya bari a goye, in ya miƙa masa hannu sai ya ɓuya bayan uwarsa. Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi, sai ga shi ya ga maganar da idonsa.

Sai a riƙa ganinsa da yamma yana goge keke wanda ba ƙura a jikinsa, yana duban hanyar Ƙonni. A nan haɗari ya ke. Ko dai ya sake ɗaure jaka ya fita, ba don wata bukata ba sai don gudun zama, ko kuwa ya zauna da jiki, zuciyarsa na waje, yana raina mutanen garinsu yana ce musu ba su san duniya ba. Kowanne daga cikin biyun nan ya isa ya kashe aure, ya watsa gida.

Ƙasaru ta ƙare

Me ya sa hanya ta ke da sauƙi a zuciya, duk da yunwa da rana da ke cikinta? Amsar tana cikin abin da kowane almajiri ya karanta a littafin Risala. Shari'a ta rage wa matafiyi kaya. Wanda zai yi tafiyar mil 48 zai yi Azahar da La'asar da Lisha raka'a biyu biyu. An ba shi izinin shan azumi. Juma'a ba ta wajaba a kansa ba. Ko daga Illela zuwa Sakkwato mutum ya nufa, ya shiga cikin wannan rangwame. Amma da zarar ya komo ya kai ga gidajen garinsu, ko kuwa ya yi niyyar zaman kwana huɗu a wani wuri, ƙasaru ta ƙare, sai ya cika salla.

Yadda shari'a ta yi masa rangwame, haka duniya ma ta ke yi masa. Mai keke a hanya damuwarsa uku ce, ruwa, abinci, wurin kwana. Ba mai aiko masa da goron biki, ba mai kawo masa ƙarar maƙwabci, ba kuɗin makaranta, ba jinkar da ta ke yoyo. Duk wanda ya gamu da shi yau, gobe sun rabu, ba a kai ga saɓani ba. Baƙo raɓa ne, kowa yana iya yi masa fara'a domin ba zai daɗe ba. Aikinsa kuma a fili ya ke, in rana ta faɗi ya san mil nawa ya ci. Mai gida kuwa sai ya yini yana kai da kawowa, in an tambaye shi abin da ya yi ya rasa abin nunawa. Watau abin da matafiyi ya ke kewa in ya komo, yawancinsa rangwamen nan ne. Ya saba da raka'a biyu, an ce ya koma huɗu.

Akwai kuma wani darasi cikin hukuncin. Sallar da matafiyi ya rage ba a ce ya rama ba, amma azumin da ya sha sai ya rama shi kwana da kwana. Haka abubuwan da suka wuce shi a gida su ke. Waɗansu ba su ramuwa: sunan da aka yi ba ya nan, jana'izar da bai halarta ba, ranar da ɗansa ya fara tafiya. Waɗannan sai haƙuri, kada ya kashe kansa da nadama, kada kuma a yi ta goranta masa. Waɗansu kuwa bashi ne: ciyarwar da wani ya ɗauke masa, gaisuwar ta'aziyya da bai kai ba, gonar da aka nome masa. Mai hankali shi ne wanda ya zauna ya rarrabe biyun nan, ya bar na bari, ya biya na biya.

Wa ya ba shi ruwa?

Wani zai ce, ai ba laifin matafiyi ba ne in gida ya yi masa ƙunci. Shi ya fita ya ga cewa mutum yana iya rayuwa da jaka ɗaya da bargo ɗaya. Ya ga yawancin abin da mutane su ke tashin hankali a kansa, na gasar sutura da kayan ɗaki da wane ya fi wane, duk banza ne. Ashe ba shi ne idonsa ya buɗe ba? Don me za a ce ya koma ya sa wuyansa cikin igiyar da ya kwance?

Wannan magana tana da gaskiya a ciki, bai kamata a yi watsi da ita ba. Tafiya mabuɗin ilmi ce, gani kuma ya kori ji. Wanda ya kwana a gidan mutumin da ba addininsu ɗaya ba, ba harshensu ɗaya ba, aka shimfiɗa masa tabarma aka ba shi abinci, da wuya ya yarda in an ce masa mutanen ƙasa kaza duk miyagu ne. Wannan ilmi ne mai tsada, garin kan iyaka kuwa ya fi ko'ina bukatarsa.

Amma sai a yi wa mai wannan magana tambaya ɗaya. A cikin wata goma sha biyar da mutumin nan ya yi a hanya, wa ya ba shi ruwa? Rijiyar da ya sha, wani ne ya zauna wuri ɗaya ya haƙa ta. Furar da aka dama masa, wani ne ya tsaya damina guda ya noma geron, wata ta surfa ta daka. Mai facin da ya gyara masa taya a ƙauyen da bai san sunansa ba, ya same shi ne don kullum a gindin itacen nan ya ke zama. Ko saurayin nan na Gini, da ƙarfin ƙafarsa ya kai Cadi, amma aljihun mazauna ne ya kai shi Masar. Da kowa ya hau keke ya bi duniya, da ba a sami ƙofar da za a yi sallama ba. Sauƙin da matafiyi ya ji, mazauna ne suka ɗauke masa nauyin. Ya ci bashin mutane ɗari waɗanda ba zai sake ganinsu ba, ba kuwa yadda zai biya su, sai dai shi ma ya zama mazauni, ya haƙa tasa rijiya, ya buɗe nasa zaure, wani baƙo ya zo ya sha. Saboda haka komowa gida ba komawa cikin igiya ba ne, lokacin biya ne ya yi.

Labarin waɗanda suka zauna

Babban kuskuren mai komowa shi ne ya zaci shi kaɗai ne ya ke da labari. A dubi abin da mutanen Illela suka gani cikin watannin da mutumin misalin nan ba ya gari. A farkon 2023 aka yi ƙarancin takardun kuɗi saboda canjin naira, mutum da kuɗinsa a banki ya rasa na cefane. Ran 29 ga Mayu aka janye tallafin man fetur, kuɗin mota da na kaya suka tashi. Ran 26 ga Yuli soja suka karɓi mulki a Yamai, aka rufe iyaka, ba a buɗe ba sai a watan Maris na 2024. Ga shi kuwa ba a daɗe da fita daga wani rufin ba, wanda aka yi daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020. Garin da abincinsa ya ke kan iyaka, in an rufe ta, ɗan dako da mai rumfa da mai tuwon sayarwa duk sun shiga uku. Wanda ya riƙe gida cikin wannan hali ya yi tafiyar da ta fi ta Kumasi nisa, ko da bai wuce bakin kasuwa ba.

A ce wata rana da dare mutumin ya soma labarin teku, sai matarsa ta ce, "Malam, labarin nan mun ji shi sau bakwai, yana kuwa da daɗi. Amma har yau ba ka tambaye mu yadda muka ci daminar bara ba." Ya yi shiru. Da safe ya tafi wurin kawunsa ya ce, "Kawu, garin nan ya yi mini ƙunci." Tsohon ya ce, "Ɗana, kekenka ya iso tun watan jiya, kai muke jira. Je ka gai da Inna, ka tambaye ta wa ya saya mata magani da ta kwanta."

Maganar tsohon ita ce gaskiya. Mai ɗaki shi ya san inda ya ke masa yoyo. Wanda ya yi shekara ba ya nan baƙo ne a gidansa, baƙo kuwa ko da ido makaho ne. Yadda ya riƙa tambayar hanya a garuruwan mutane ba tare da girman kai ba, haka ya kamata ya tambayi hanya a cikin gidansa.

Su ma mutanen gida akwai abin da ya ke kansu. Kada su mai da shi abin ba'a, suna kiransa ɗan yawon duniya. Kada su tare shi da lissafin bashi tun bai kwance kaya ba. Su ba shi lokaci, su kuma mayar masa da aikinsa kaɗan kaɗan, gama mutumin da aka nuna masa ba a bukatarsa, hanya ce za ta sake kiransa.

Mutum uku

Tarihi ya nuna yadda komowa ta ke yi wa manyan matafiya wuya. Olabisi Ajala ɗan Nijeriya ne da ya tafi karatu Amurka. A 1952 ya hau keke daga Chicago zuwa Los Angeles, mil 2,280, sanye da babbar riga, yana tsayawa a birane yana yi wa mutane bayanin ƙasarsa. Daga baya ya zaga ƙasashe da yawa bisa ɗan babur, ya gana da shugabanni irin su Nehru na Indiya da Nasser na Masar, ya buga littafin tafiyarsa a 1963. Sunansa ya zama karin magana a ƙasar Yarbawa, duk mai yawan tafiya sai a ce masa Ajala. Amma ya rasu a Legas a 1999 cikin rashin lafiya da rashin abin hannu. Ba a faɗi wannan don a zarge shi ba, arziki da rashi na Allah ne. Abin lura shi ne taron da ya yi masa tafi a hanya bai bi shi ɗaki ba.

Na biyu Bajamushe ne, Heinz Stücke. Ya bar garinsu bisa keke a 1962 yana da shekara 22, bai koma da zama ba sai bayan shekara 50 da 'yan kai. Ya ga kusan dukan ƙasashen duniya, amma ya fita yana saurayi ya komo yana tsoho.

Na uku ya riga keke da ƙarnuka, watau Ibn Battuta na Tanja a ƙasar Maroko. Ya fita aikin hajji a 1325, bai komo ba sai 1349. Yana hanya ya sami labarin mahaifinsa ya rasu da shekara 15, mahaifiyarsa kuwa ta rasu gab da isowarsa. Shi ma zama ya gagare shi. Bai daɗe ba ya haye Andalus, a 1352 ya ƙetare hamada zuwa Mali, a 1353 ya biyo ta Takadda, yamma da Agadas, inda ya ambaci Gobir cikin ƙasashen da a ke kai wa jan ƙarfe. Sai da Sarkin Fas, Abu Inan, ya kira shi sa'an nan ya tsaya. Ya zauna ya yi wa wani marubuci, Ibn Juzayy, shiftar abin da ya gani, aka gama littafin a 1355, ya ƙare rayuwarsa yana alƙalanci a ƙasarsu. Da bai zauna ba, da tafiyar shekara talatin ta bi shi kabari. Zaman nan ne ya sa har yau a ke amfana da ita.

Tsarabar da ba ta ƙarewa

Addini bai bar komowa ba tsari. Malaman hadisi sun ruwaito cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hori wanda ya biya bukatar tafiyarsa da ya hanzarta komawa wurin iyalinsa, ya kuma hana wanda ya daɗe ba ya nan ya faɗo musu cikin dare ba sanarwa. Shi kansa in ya komo da masallaci ya ke farawa, ya yi raka'a biyu, sa'an nan ya zauna jama'a su gaishe shi. Watau a fara da godiya, a shiga cikin jama'a, a kuma ba mutanen gida damar shiri, domin komowar nan su ma ta shafe su.

Bayan wannan sai aiki. Jikin da ya saba wahala, wahala ce maganinsa. Mutumin misalin nan ya komo da bazara, lokacin sharar gona. Keken da ya kai shi teku shi ne zai kai taki gona, ya kai yara makaranta, ya kai tsohuwa asibiti. Gidajen da aka yi rashi ya bi su ɗaya ɗaya, gama zumunta a ƙafa ta ke. Wanda kuma ya yi yaƙi da jahilci ya iya rubutu, ya sayi littafi ya rubuta garuruwan da ya bi da sunayen waɗanda suka yi masa alheri. Abin da aka rubuta ya huta a zuciya, ba sai an yi ta maimaita shi a zaure ba, jikoki kuma su tarar.

Mafificiyar tsaraba kuwa ita ce wadda gari zai ci moriyarta. Akwai wata Illelar a Nijar, cikin jihar Tawa. A ƙarshen shekarun 1980 aka kai waɗansu manomanta ziyara Yatenga a Burkina Faso, ƙasar wani manomi mai suna Yacouba Sawadogo. Can suka ga yadda a ke raya faƙo, watau ƙasar da ta bushe ta yi tauri har ruwa ba ya shigarta. Da rani a ke haƙa 'yan ramuka jere, a tara ƙasar a gefen gangare, a zuba taki a ciki. Gara ta zo cin takin ta huda ƙasa, in ruwa ya sauka sai ya tsaya a ramin ya nutse, a shuka gero ko dawa a ciki. Da manoman suka komo ba su tsaya ga ba da labari ba, suka ɗauki fartanya suka gwada a gonakinsu. Maƙwabta suka ga hatsi ya tsaya inda dā ko ciyawa ba ta fita, suka kwaikwaya. Wannan dabara, wadda a ke kira tassa, ta bazu a ƙasar Adar, har faƙon da dā ba mai so ya zama abin saye da sayarwa. Tafiyar 'yan kwanaki ce, amma ta ciyad da gidajen da ba su san an yi ta ba.

Ba kowa ne zai komo da abu mai girma haka ba. Wani abin da ya koyo bai wuce gyaran keke ba, ko adana albasa, ko haƙuri da ɗan abin da ya samu, ko sanin cewa baƙo yana jin ƙishirwa tun kafin ya roƙa. Kome ƙanƙantarsa, in an gan shi a hannunsa da halinsa, mutane da kansu za su zo su tambaye shi inda ya samo. Kewar hanya kuwa ba ta fita gaba ɗaya, ba kuma laifi ba ce. In bukata ta sake kamawa, aka yi shawara da iyali, aka bar musu abin da zai ishe su, ba mai hana shi fita.

Alamar da za a gane mutum ya komo da gaske ita ce ranar da wani mai keke zai tsaya a ƙofar gidansa da ƙura har gira, ya yi sallama da harshen da ba a ji sosai. In ya tashi ya karɓi keken ya jingine, ya aika ciki a kawo ruwa da fura, ya zauna ya saurari labarin baƙon har ƙarshe bai katse shi da nasa ba, to, tafiyarsa ta cika, ya soma biyan bashinsa. Abin da magabata su ke nufi ke nan da suka ce kyan tafiya dawowa. Allah ya kai matafiya lafiya, ya komo da su lafiya, ya sāka wa masu jiran gida da alheri, amin.